Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gargaɗi ga Masu Babur

Kowace shekara da kaka, in an sayar da masara da waken soya da barkono, abin da ke fara zuwa zuciyar saurayi da magidanci shi ne babur. Ba mu ga laifinsu ba. A ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, babur ne ke kai taki gona, shi ke fitar da buhu bakin titi, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Malamin gona da malamin asibiti da malamin makaranta, duk da shi suke zagaya ƙauyuka. Wanda ya ce manomi ya rabu da babur bai san zaman karkara ba.

Amma muna da magana da 'yan'uwanmu manoma, ga ta kuwa. Mutumin da ya ƙirga kuɗi a kanti ya turo sabon babur gida bai gama biya ba tukuna. Akwai sauran kuɗi kashi uku a kansa: kuɗin kula da babur, kuɗin hular kwano da takalmi, da kuɗin ajiya domin ranar tsautsayi. A ganinmu, wanda kuɗinsa bai kai ga waɗannan ba, gara ya haƙura zuwa kaka mai zuwa.

Ku dubi yadda muke yi da shanun huɗa. Ba manomi mai hankali da zai sayi bijimai biyu ba tare da ya tanadi harawa da dusa da kanwa ba. Ya san za su bukaci allura, ya san kuma in ɗaya ya kwanta a watan Yuni, gonar shekara ta tafi. To, me ya sa in an zo kan babur sai mu manta da wannan hankali? Ga shi kuwa sa ba ya gudun kilomita 80 a awa ɗauke da mai gida da uwargida da goyo.

YADDA BABUR YA CIKA ƘAUYE

Dattawa za su tuna lokacin ƙarin albashin Udoji na 1974, sa'ad da ma'aikata suka yi ta sayen Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. A zamanin nan babur abin malamai ne da akawuna, manomi kuwa keke ne nasa. Daga baya babura masu sauƙin kuɗi suka shigo daga ƙasar Sin, irin su Jincheng, sa'an nan Bajaj daga Indiya. Sai ya zama kusan kowane gida da babur, yara kuma suna koyon tuƙi a bayan gari ba mai koya musu dokar hanya.

Babura sun yi yawa, amma sanin haɗarinsu bai ƙaru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, in kuma an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wahala. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi. Mai babur kuwa jikinsa ne ke fara taɓa ƙasa.

Ga lissafin da ya kamata kowane manomi ya yi. Ƙashin hannu in ya karye yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗu. Ƙashin ƙwauri ko na cinya yakan ɗauki wata 3 zuwa 6. Daminarmu a yawancin arewa wata 4 ce ko 5. Wato magidancin da ya karya ƙwauri a watan Mayu ba zai yi shuka ba, ba zai yi noman fari ba, ba zai yi maimai ba, watakila ma a kwance zai ji ana girbi. Za a sayar da awaki a biya magani, a ci irin shuka, a cire yaro daga makaranta. Faɗuwar minti ɗaya takan jawo wa gida yunwar shekara biyu.

KIWON BABUR

Mun ce kiwo da gangan, gama babur ma yana da abincinsa da lokacin ba shi.

Na fari shi ne baƙin mai. Ƙananan baburan da muke hawa ba su ɗaukar fiye da wajen lita 1. Wannan ɗan mai shi kaɗai ke hana ƙarfe cin ƙarfe cikin inji, ga zafi, ga ƙura, ga kaya. Sabon babur a juye masa mai kafin ya wuce kilomita 1,000, domin a fitar da garin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Bayan haka a bi abin da littafin babur ya faɗa, in kuwa hanyarku mai ƙura ce, a riga lokacin. In agogon kilomita ya mutu, a rubuta ranar juye mai a bangon ɗaki ko a littafi. A sayi mai a galan rufaffe. Man da ake aunawa daga kwalba a bakin hanya, ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, komai na babur ya yi tsada, shi ya sa mutane da yawa ke jinkirta juye mai. Mun gane matsin. Amma ku tambayi bakanike kuɗin sauke inji, ku gwada da kuɗin lita ɗaya. Araha ba ta ado.

Na biyu, matatar iska. Da hunturu takan toshe da ƙura, sai babur ya riƙa shan fetur kamar raƙumi, ƙarfinsa kuwa ya ragu. Waɗansu sukan cire ta su yar. Wannan kuskure ne babba, gama ƙurar za ta shiga inji kai tsaye ta cinye shi. A wanke ta in irin ta soso ce, a canja ta in irin ta takarda ce.

Na uku, sarƙa. A taɓa ta da yatsa a tsakiya. Kada motsinta sama da ƙasa ya wuce faɗin yatsa biyu, kada kuma a ɗaure ta tam kamar tsirkiya. A wanke ta da kananzir, a sa mata mai, musamman bayan an ratsa rafi. Sarƙar da ta yi sako-sako takan zame ta sarƙe tayar baya ana cikin gudu.

Na huɗu, birki da taya. Akwai masu tsoron birkin gaba har su bar shi a tsinke. Alhali kuwa a kan busasshiyar hanya birkin gaba ne ke yin yawancin aikin tsayawa. Abin da ake so shi ne a koyi kama duka biyu tare, a hankali, a sassauta na gaba in ana kan yashi ko taɓo. Tayar da zanenta ya shafe ba ta kama ƙasa in an yi ruwa. Wadda ta sha faci har ba wurin wani, lokacin hutunta ya yi.

Na biyar, fitila da madubi. Muna ganin samari suna kwance madubi ranar da aka sayi babur, wai ya fi kyau haka. Muna ganin masu tafiya da dare da tocila a baki ko a goshi. Direban babbar mota ba zai kauce wa abin da bai gani ba. Ƙwan fitilar baya bai kai kuɗin kwanon masara ba.

Duba waɗannan abubuwa kowace safiya ba zai ci minti 5 ba. Mai shanu ma kafin ya ɗaura garma sai ya duba ƙafafunsu.

KAYA DA GUDU

An ƙera waɗannan babura domin mutum biyu. Nauyin babur ɗin kansa bai fi na buhun masara ɗaya da 'yan kwanoni ba. In aka ɗora masa buhu uku, kayan sun fi shi nauyi nesa, gaba ya yi sama, birki kuma ba zai iya da su a gangare ba. Sawu biyu ya fi sawu ɗaya da ya ƙare a kwalbati.

Game da gudu, ga abin da ba kowa ya sani ba. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ka tsaya yakan ninka sau huɗu. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin wajen mita 17 kowace daƙiƙa. Kafin idonsa ya ga akuya, ƙafarsa ta kai ga birki, ya riga ya wuce tsawon ɗaki huɗu. A hanyar ƙauye kuwa ba akuya kaɗai ba ce. Akwai garken shanu, da yara masu tallar gyaɗa, da ramin da ruwan jiya ya haƙa. Sauri ya haifi nawa.

Ba za mu rufe baki a kan abin sha ba. Yammacin ranar kasuwa da ranar biki, kowa ya san yadda waɗansu ke hawa babur bayan sun sha burkutu ko giya. Akwai kuma samari 'yan acaɓa masu haɗiyar ƙwaya irin su tiramol domin kada su ji gajiya. Wanda bai ji gajiya ba, ba ya jin tsoro, ba ya kuma auna nisa daidai. Mata, kuna da iko ku ƙi hawa bayan irin wannan mutum, ko da mijinku ne.

HULAR KWANO

A ranar 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sa hular kwano. Waɗansu suka kifa ƙwarya a kai, waɗansu tukunya ko robar fenti, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje, aka yi ta dariya. Dariyar ta wuce, dokar ta yi sanyi a wurare da yawa, amma kwalta ba ta yi laushi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, tana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100. Asirinta yana cikin farin abin nan mai kauri da ke ciki. Shi ne ke murƙushewa ya shanye bugun a maimakon ƙoƙon kai. Saboda haka hular masu aikin gini ba ta isa ba, gama ba ta da shi. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa, ita ce ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a waje ba, sai a nemi wata.

Mun san abin da ake faɗa. Ana cewa tana da zafi. Gaskiya ne, amma gumi yana bushewa. Ana cewa tana da tsada. Ba ta kai kuɗin kwana biyu a gadon asibiti ba. Ana ƙyamar sa hular da kowa ya sa, saboda ƙwarƙwata da makero, waɗansu ma saboda tsoron sammu. To, kowane gida ya mallaki tasa, ɗaya ta mai gida, ɗaya ta wanda zai ɗauka. Uwargida ta ɗaura ɗan siririn kallabi a ƙarƙashi, in an isa ta kafa ɗaurinta. Ana kuma cewa in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa. Wannan haka yake, rai a hannun Allah yake. Amma mai wannan magana yana kulle rumbunsa da dare, yana kuma kashe maciji in ya shigo ɗaki. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Bayan hula sai takalmi rufaffe. Silifa ba ta kare yatsu, takan kuma zame daga kan birki. Babbar riga da zane da gyale a tattara su a zauna a kai, gama tayar baya takan fizge su ta jawo mutum ƙasa. Ƙaramin yaro da aka ɗauka, a lura da dugadugansa kada su shiga taya, da ƙafarsa kada ta taɓa salansa.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Sau da yawa abin da jama'a suka yi cikin rabin awa na fari shi ke sa mutum ya tashi ko ya nakasa. Ga abin da muke roƙo a kiyaye.

1. Kada a ɗaga mutum da hannu da ƙafa kamar buhu. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa. Lanƙwasa shi cikin mota ko a kan wani babur yana iya tsinka lakar bayansa har abada.

2. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko fetur, ko ruwan batir. Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har tsakuwa ta fita. A je a yi allurar rigakafin sarƙe-haƙora, gama ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi.

3. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai sanyi har minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai.

4. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa ko madara, zai shaƙe.

5. Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana dariya, a sa masa ido kwana biyu. Jini yana iya taruwa cikin ƙoƙon kai a hankali. In ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a kai shi babban asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

A manyan hanyoyi ana kiran jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

MAƊORI KO ASIBITI

A nan ne gardama ta fi zafi a cikin iyali. Ba mu raina maɗori ba. Yana kusa, yana karɓar biya kaɗan kaɗan, akwai kuma karaya mai sauƙi da ta warke a hannunsa, kowa ya gani. Amma maɗori ba ya ganin cikin nama. Shawararmu ita ce a fara ɗaukar hoton ƙashi, a ji bakin likita, kafin a yanke shawara.

Akwai karayar da ba ta gida ba ce ko kaɗan: wadda ƙashi ya huda fata ko akwai rauni a kanta, karayar cinya da ƙugu da baya da wuya, wadda ta shiga gaɓa, da karayar gwiwar hannu ta yara. Waɗannan sai asibiti. A arewa muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya da Maiduguri da Sakkwato.

Ko wane ne ya yi ɗaurin, a duba yatsu safe da yamma. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun canja launi, ko mutum ya daina jin su, ko zafi ya ƙi lafawa, ɗaurin ya matse jini. A sassauta shi a tafi asibiti a ranar. Kada a yarda da mai cewa zafin alamar haɗuwar ƙashi ne. Naman da jini bai kai gare shi ba yakan mutu cikin awoyi kaɗan, in ya ruɓe kuwa ba abin da ya rage sai yankewa. Da yawa cikin masu hannu ɗaya da ƙafa ɗaya da muke gani, matsin ɗauri ne ya raba su da gaɓarsu.

Mai jinya yana bukatar abincin gina jiki: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, zogale. Ya bar taba, gama tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Kada ya taka ƙafar kafin likita ya ce, kada kuma ya ƙi motsa gaɓoɓin in an ce ya motsa, domin kada su sandare. Kafin ya sake hawa, bakanike ya duba ƙahon babur da ƙafar gaba da birki, ko sun karkace. In ya ji faɗuwar gaba a ranakun fari, ba abin kunya ba ne. Ya fara da gajeriyar tafiya da rana.

ABIN DA ƘAUYE ZAI IYA YI

Inshorar da doka ta ce mai babur ya yanka, ta biyan wanda ka buge ce, ba ta biyan jinyarka. Saboda haka dole mu tanadi namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna ba da shawara masu babur na kowane ƙauye su kafa asusu. Kowa ya zuba kuɗin lita 1 ta fetur a wata. In su 30 ne, a shekara sun tara kuɗin lita 360. Wannan zai ɗauki hayar mota zuwa asibiti da hoton ƙashi da maganin farko, ba sai an tsaya neman mai sayen akuya ba alhali mutum yana zubar da jini. A zaɓi ma'aji da magatakarda, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. A sa sharaɗi kuma: wanda ya faɗi ba hula a kansa, ko yana cikin maye, rabi za a ba shi. Za ku ga huluna sun bayyana.

A roƙi malamin asibiti ya zo ya koya wa 'yan ƙungiya taimakon farko sau ɗaya a shekara. A hana yaran da ƙafarsu ba ta kai ƙasa ba hawa babur, ko na ubansu ne. In kuma ɗaya daga cikinmu ya kwanta da damina, a kira gayya a nome masa gonarsa kamar yadda iyayenmu suka saba, domin kada ciwo ya haɗu da yunwa.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata da na matasa su karanta wannan a taronsu na gaba, su tattauna, tun kuɗin kaka bai shigo hannu ba. Ƙauyen da ya riga ya kafa irin wannan asusu, ya rubuto mana yadda yake tafiyar da shi domin waɗansu su koya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.